Tukunyar Mai Jinya a Indiya

Duk wanda ya zo wurina a asibiti yana shirin kai maras lafiya Indiya, da mun zo kan abinci magana ɗaya yake yi: "Sista, an ce abincinsu ba ya ciwuwa, daga yaji sai maiƙo." Sai a cika jaka da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, har a biya kuɗin nauyin kaya a filin jirgi. Ban hana kowa guzuri ba. Amma na yi wata huɗu a Delhi ina jinyar yayata da aka yi wa dashen ƙoda, kuma na gane abincin da ake gudu na gidajen sayar da abinci ne. Wanda Ba'indiye yake ci kullum a gidansa daban ne, kuma ya yi kusa da tukunyarmu ƙwarai.

Wata dattijuwa a ƙasan benen da muka kama haya ita ta buɗe min ido. Mama nake kiranta, ba ta jin Hausa, ni ba na jin Indiyanci, da hannu muke magana. Abincinta na rana bai wuce abu huɗu ba. Akwai dal, romon wake da ya dahu ya narke. Akwai sabji, kayan lambu da aka soya sama-sama aka rufe suka turaru. Akwai roti, gurasar garin alkama da ba a cire wa dusa ba, wadda ake gasawa a busasshen kasko. Sai ɗan kindirmo, su dahi suke ce masa.

Dal ita ce ta fi cancanta ku koya tun makon farko, don ba ta da wuya kuma ba ta da tsada. Ku nemi jar masur ko ɓararriyar mung, ƙananan irin wake ne, ba sai an jiƙa su ba. Kofi ɗaya a wanke, a zuba ruwa kofi uku da rabin ƙaramin cokali na kurkum, cikin kamar minti 20 zuwa 30 ta narke. A gefe a ɗora cokali ɗaya na mai, a jefa 'ya'yan jira (kayan ƙamshin da Turawa ke kira cumin) da tafarnuwa da citta da albasa, da ƙamshi ya tashi a juye a kan romon. Wannan juyin suke kira tadka. Ku lura na ce cokali ɗaya. Ranar da na fara yi na ɗauko ludayi kamar yadda muka saba, Mama ta riƙe min hannu tana girgiza kai. Mu da ba ma yarda miya ta yi sai mai ya taso a samanta, a nan muke cutar masu hawan jini da ciwon zuciya muna zaton gata muke musu. Ɗanɗanon dal daga soyayyen kayan ƙamshi yake fitowa, ba daga yawan mai ba. Haɗa ta da shinkafa ko roti kuwa, hikimar garau-garau ce dai, wake da hatsi suna cike wa juna abin gina jiki.

A kasuwa za ku sha mamaki. Kuɓewa tana nan, sunanta bindi, kada ku yi dariya, ba wutsiya ake nufi ba. Su ba sa son yauƙinta, sai su shanya ta bayan wanki ta bushe tas kafin a yanka a soya. Gero shi ne bajra, dawa jowar, tamba ragi, kuma ana sayar da garinsu, mai son tuwo ba zai rasa ba. Hulba da muke jiƙa 'ya'yanta, su har ganyenta suke dafawa, meti kenan. Wanda jinya ta kai Haidarabad zai tarar da ganye mai tsami irin yakuwarmu, gongura, kuma a Chennai sandunan zogale ake yankawa cikin miyar sambar tare da tsamiya. Indiya ce ta nemi Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarar 2023 don gero da danginsa, mu kuwa muna ture shi gefe muna bin taliya.

Ba sai kun haddace sunayen ba. Ku duba abin da ya fi tuli a kan amalanken mai kayan miya, shi ne na lokacin, shi ne mai araha, kuma bai daɗe da barin gona ba. A Delhi daga Nuwamba zuwa Fabrairu sanyi ake yi na gaske, lokacin farin kabeji ne da ɗanyen koren wake da jan karas da ganyaye. Daga Afrilu zuwa Yuni zafi kan haura digiri 40, sai kokwamba da kankana da mangwaro su cika gari, tare da tori, wato ɗanyen soso, da lauki, wato ɗanyen duma. Lauki yana da sauƙi a ciki, amma ku ɗanɗani ɗan yanki kafin dafawa. In da ɗaci a zubar gaba ɗaya, wannan ɗacin guba ne, yana sa amai da gudawa har da jini. Da damina kuwa, daga ƙarshen Yuni zuwa Satumba, ganye na zuwa da laka da ƙwayoyin cuta, ko mutanen garin rage cinsa ɗanye suke yi. A wanke sosai, a dafa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa a rana. Wannan naku ne, masu jinya. Na maras lafiya sai abin da jami'in abinci na asibitinsa ya rubuta. Mai ciwon ƙoda ana yawan rage masa sinadarin fotashiyam, kuma yana da yawa a dal da tumatir da dankalin Turawa da ayaba da ruwan kwakwar da ake sayarwa a bakin titi. Gishirin da aka rubuta wa "mai ƙarancin sodiyam" ma da fotashiyam ake cike shi, kada a saya masa. Akwai wani ɗan itace mai siffar tauraro in an yanka, kamrak, yana iya sa mai ciwon ƙoda shaƙuwa da ruɗewa da farfaɗiya. Wanda aka yi wa dashe ya nisanci garehul, wato babban lemon nan mai ɗaci-ɗaci, don yana ƙara ƙarfin maganin hana jiki ƙin sabuwar ƙodar fiye da kima. Wanda aka sa wa bawul ɗin zuciya yana shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, kuma, kada yau ya ci ganye tuli gobe ya daina, ya tsaya a kan kima ɗaya.

To, mutum zai gaji da girki, kuma wasu ranakun a asibiti za ku wuni. In za ku ci a waje ku shiga inda ake layi, inda tukunya ba ta zama, ku nemi abin da aka sauke a gabanku yana tururi. Dosa 'yar'uwar sinasir ce, idli kuma ƙullun shinkafa ne da aka turara babu mai. Rotin tanderu ya fi gurasar da suke kira naan, don ita da farar fulawa ake yin ta a shafe da bota. Miyar gidan abinci mai kauri da sheƙi, kirim ne da bota a ciki. Acar (kayan lambu da aka tsima) da papad (siririyar gurasa mai garas-garas) da ake ajiyewa a gefen faranti gishirinsu yawa gare shi, alhali gishirin wuni guda bai kamata ya kai giram 5 ba, ƙaramin cokali ɗaya kenan. Kalmomi uku za su taimake ku: tel kam, a rage mai; namak kam, a rage gishiri; mirci kam, a rage barkono. Nama ku tambaya ko halal ne, domin akwai yankan da ake kira jatka, sara ɗaya ake yi. Unguwannin Musulmi na Delhi kamar Nizamuddin da kewayen Jama Masjid ba a wahalar samun na halal. A jikin abincin kanti, koren ɗigo a cikin murabba'i na nufin babu nama ko kifi ko ƙwai. Gidan abinci mai rajista kuma yakan manna lambar hukumar kula da ingancin abinci, FSSAI, mai alƙaluma 14.

Inda aka fi faɗawa shi ne ruwa. Ni da nake koyar da tsabta sai da na faɗa. Na ga ana rububin pani puri, wasu 'yan ƙwallaye masu garas-garas da ake tsomawa cikin ruwan tsamiya mai sanyi, na ce bari in taɓa. Kwana uku ina zarya banɗaki, likita ya hana ni kusantar gadon yayata, don magungunan dashe sun raunana garkuwar jikinta, cutar da ta kwantar da ni kwana uku ita tana iya kai ta ɗakin kulawa ta musamman. Yankakkun 'ya'yan itatuwa a tire, ƙanƙara a lemo, ɗanyen catni (markaɗen da ake dangwala), lassin bakin titi (kindirmon da aka dama don sha), duk hanyar taifot da gudawa ce. Ku sha ruwan gora mai hatimi ko wanda kuka tafasa, ku ci ɗan itacen da kuka ɓare da hannunku. In gudawa ta zo, kowane kemis yana da ORS. In dare ya yi babu, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Maras lafiya kuwa ba a jira da shi, asibiti ake komawa nan take.

A kwana na biyu na gudawar tawa Mama ta hawo da kwanon kicidi, abincin da suke ba yaro da tsoho da mai ciwon ciki. Shinkafa da mung ne daidai wa daida, da ruwa ninki huɗu zuwa biyar, da kurkum da ɗan gishiri, a bar su su dahu luguf kamar fate, a ɗiga ɗan man shanu a kai. Shi na ci da kindirmo har na miƙe na koma bakin gadon yayata.