Purple House: jinyar masu ciwon ƙoda a hamadar Ostiraliya

Purple House ƙungiya ce ta 'yan asalin Ostiraliya, wato Aborijin, hedikwatarta tana garin Alice Springs a tsakiyar ƙasar. Aikinta wankin ƙoda ne ga mutanen ƙauyukan hamada masu nisa, da kuma haɗa majinyata da duk wani tallafi da rayuwa ke buƙata bayan an sauka daga kan injin, kamar masauki da kuɗin tallafin gwamnati da abinci da hanyar komawa gida ganin dangi. Sunanta na asali da harshen Pintupi ne, ƙabilar Aborijin da ta kafa ta, Western Desert Nganampa Walytja Palyantjaku Tjutaku, ma'anarsa kusan "mu samar wa duk iyalanmu lafiya". Sunan Purple House kuwa daga launin gidan da suke aiki a ciki ya samo asali, gida ne mai ruwan shunayya a cikin unguwa kamar na kowa.

Asali

Mutanen Pintupi suna cikin na ƙarshe da suka haɗu da Turawa a duk faɗin Ostiraliya. Daga wajajen shekarun 1950 zuwa 1960 aka riƙa kwaso su daga hamada ana zubawa a Papunya, wani matsuguni da gwamnati ta kafa, aka cakuɗa su da wasu ƙabilu, cuta ta kashe da yawa, abincinsu ma ya koma fulawa da suga da shayi. A 1981 suka tattara suka koma yamma ƙasar kakanninsu suka kafa Kintore, wanda su suke kira Walungurru, kimanin kilomita 530 daga Alice Springs, kusan tafiyar Kano zuwa Sakkwato kenan amma yawancin hanyar ba kwalta. Bayan 'yan shekaru aka kafa Kiwirrkurra can gaba cikin jihar Ostiraliya ta Yamma.

Ba a daɗe da komawar ba sai ciwon ƙoda ya fara ɗaukar dattawa ɗaya bayan ɗaya, galibi ta dalilin ciwon suga da hawan jini. Wanda ƙodarsa ta daina aiki dole a yi masa wanki sau uku a sati, kowane zama awa huɗu zuwa biyar, kuma a lokacin injin sai Alice Springs. To ka ga mutumin da ya sha wahala kafin ya koma ƙasarsu yanzu an ce ya sake barinta har ƙarshen ransa, ya je ya zauna a ƙasar wata ƙabila, Arrernte, inda shi baƙo ne, ba ya jin Turanci sosai, ba shi da ɗaki, wasu a hostal suke ƙarewa wasu a sansanonin gefen gari. A wajen Pintupi wannan ba ƙaramin abu ba ne, don dattijo shi ke riƙe da waƙoƙi da labarin wuraren tsarki, in ya tafi ba mai koya wa yara, in an yi rasuwa ba ya wajen zaman makoki. Akwai waɗanda kewar gida ta sa suka bar wankin suka koma ƙauye alhali sun san abun da hakan ke nufi.

Gwanjon zane

Hukumomi sun ce kai injin ƙauye irin Kintore ya yi tsada kuma ba zai yiwu ba, sai mutanen suka nemi kuɗin da hannunsu. Da ma Pintupi sun yi suna a duniya wajen zane, tun da aka kafa kamfanin masu zane na Papunya Tula a 1972. Maza da mata na Kintore da Kiwirrkurra suka haɗu suka zana manyan zanuka guda huɗu na taron dangi, aka haɗa da wasu da masu tara zane suka bayar kyauta, a ƙarshen shekarar 2000 aka yi gwanjonsu a gidan zane na jihar New South Wales da ke Sydney, aka samu sama da dalar Ostiraliya miliyan ɗaya a dare ɗaya. Abun sha'awa shi ne kuɗin farko ba inji aka fara saya da shi ba, tafiyar ganin gida aka fara shirya wa majinyata, a kai mutum ƙauye ya kwana biyu tsakanin wanki da wanki a dawo da shi. An yi wa ƙungiyar rajista wajen 2003, aka ɗauki wata nas, Sarah Brown, wadda ta daɗe tana jagorantar aikin, a 2004 kuma aka fara wankin ƙoda a Kintore. Daraktocin ƙungiyar duk Aborijin ne.

Tallafin zamantakewa

Nan ne ƙungiyar ta bambanta da asibiti. Majinyacin da ya iso Alice Springs yakan tarar da takardu sun fi ciwon ɗaure kai, sai ma'aikatan su zauna da shi su cike masa fom ɗin Centrelink, hukumar da ke biyan kuɗin tallafi, su nema masa katin shaida, su sa sunansa a layin gidajen gwamnati, su raka shi wajen likita da mai fassara don kar ya ce to a abun da bai gane ba. Nakasassu ana shigar da su tsarin inshorar nakasa na ƙasa, NDIS. A gidan kansa akwai wajen wanka da wanki, ana dafa abinci, kaji na yawo a tsakar gida, ana hura wuta a gasa wutsiyar kangaru yadda aka saba a ƙauye, mutum ya zauna da masu jin yarensa a yi hira. Tsofaffin majinyata su ke kama hannun sababbi su bayyana musu yadda injin yake, kuma gaskiya wannan ya fi duk wata lacca ta nas shiga kunne. Mata kuma suna haɗa man shafawa na gargajiya da ganyen daji ana sayarwa da sunan Bush Balm, majinyata ana ba su kyauta.

Yaɗuwa

Bayan Kintore an buɗe a Yuendumu da Ntaria da Lajamanu da Warburton da Kiwirrkurra da sauransu, yanzu cibiyoyin sun haura goma sha biyar a jihohi da yankuna uku. Wajen 2012 aka fito da Purple Truck, babbar mota mai kujerun wanki biyu da ke zagaya ƙauyukan da ba su da cibiya, da ita mutum zai iya yin makonni a gida don biki ko makoki. A 2018 Medicare, inshorar lafiya ta gwamnatin tarayya, ta fara biyan kuɗin wankin da ake yi a yankuna masu nisa sosai.

Taƙaddama

A 2009 gwamnatin Yankin Arewa, wato yankin da Alice Springs take ciki, ta daina karɓar sababbin majinyata daga maƙwabtan jihohi a Alice Springs saboda ƙarancin kujeru, aka ce mutanen Kiwirrkurra su nufi wajen Perth, an yi ta surutu kafin a sassauta. Har yanzu ana jayayya kan wanda ya kamata ya biya kuɗin gidajen nas-nas da tsaftataccen ruwa, wanda injin ke sha da yawa kuma shi ne ya fi ƙaranci a hamada.