Cikar teku da janyewarsa: aikin wata da rana

Cikar teku da janyewarsa shi ne yadda ruwan teku yake hauhawa ya mamaye gaɓa sannan ya koma baya, kuma a yawancin gaɓoɓin duniya hakan na faruwa ne sau biyu a cikin awa 24 da minti 50, wato tsakanin cika ɗaya da ta gaba kusan awa 12 da minti 25 kenan. Wannan minti 50 ɗin da ya ƙaru saboda wata ne, ai shi ma tafiya yake yi, kullum sai ya makara wajen fitowa.

Masanin kimiyya ɗan Ingila Isaac Newton ne ya fara bayanin sababin a shekarar 1687. Wata yana jan duniya, amma ba daidai yake jan ko'ina ba, ɓangaren da ke fuskantarsa ya fi jin jan, tsakiyar duniya ta ji kaɗan, ɓangaren baya kuma ya fi kowa ƙarancin ji. To wannan bambancin ne yake sa ruwa ya kumbura a gefe biyu, gaba da baya, duniya kuma tana juyawa tana bi ta cikinsu.

Abin da mutane da yawa ba su gane ba, kuma gaskiya shi ne zuciyar maganar, rana ta fi wata ƙarfin jan duniya fiye da sau 170, amma tasirinta a kan teku bai ma kai rabin na wata ba, kusan kashi 46 cikin 100 ne. Nisa ne ya jawo haka. Wata yana kusan kilomita 384,400 daga nan, rana kuwa kusan kilomita miliyan 150, daga can nesa gaban duniya da bayanta kusan duk ɗaya ne a wurinta.

Lokacin tsayuwar sabon wata da kuma daren sha huɗu, rana da wata da duniya suna kan layi ɗaya, sai ƙarfinsu ya haɗu ruwa ya cika sosai ya kuma janye sosai. Wajen bakwai ga wata da ashirin da biyu kuwa, cikar ba ta da yawa. Shi ya sa masunta da matuƙa jirgin ruwa suke bin lissafin wata.

Siffar gaɓa ma tana da nata. A mashigin Fundy na Kanada bambancin cika da janyewa yana kai mita 16, a Bahar Rum kuma yawanci bai kai rabin mita ba. Faransa ta buɗe tashar lantarki a bakin kogin Rance a 1966 mai aiki da wannan kai-komon ruwan. Gogayyar ruwan da ƙasan teku tana rage saurin juyawar duniya a hankali, wata kuma yana ƙara nisa da mu da kusan santimita 3.8 duk shekara.