Daga aikin tilas zuwa jika 42: doguwar tafiyar dokar ƙwadago kafin ta iso shagunan Maraɗi

Albashi mafi ƙanƙanta a Nijar, wanda ake kira SMIG, ya tashi daga sefa 30,047 zuwa 42,000. Ƙarin ya kusa kashi 40 cikin ɗari, kuma ya zo ne bayan tsohon adadin ya shafe fiye da shekara goma bai motsa ba. Masu makarantu masu zaman kansu, gidajen burodi, gidajen mai da kamfanonin gadi a Maraɗi su ne suka fara lissafi, domin ƙarin bai tsaya ga albashi ba, kuɗin da suke zubawa a CNSS, asusun fansho da diyyar ma'aikata, shi ma a kan albashin ake auna shi. Amma a babbar kasuwa da garejin kanikawa, da wuya ka ji wanda batun ya hana shi barci. Dalilin wannan bambanci yana cikin tarihin dokar ƙwadago kanta.

Asalinta na zamanin Turawa ne. Sai a watan Afrilun 1946 Faransa ta haramta aikin tilas a ƙasashen da take mulka, da dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny, ɗan majalisa daga Kodibuwa. Kafin nan, ta hannun sarakuna da masu gari ake ɗibar mutane su yi hanya ko su ɗauki kaya ba tare da an nemi yardarsu ba. Bayan babban yajin aikin da aka yi a ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ke mulka cikin Nuwamban 1952, majalisar Faransa ta amince da dokar ƙwadago ta ƙasashen da ke ƙarƙashin mulkinta a ranar 15 ga Disamba. Can ne tushen awa 40 a mako, hutun da ake biya, sufetocin ƙwadago da kotun ma'aikata.

To, wa aka rubuta wa wannan doka? Akawun kamfanin Bature, direban gwamnati, ma'aikacin gidan waya. A Maraɗi kuwa, arzikin lokacin gyaɗa ce, kuma tsarin da ya ɗauki cinikinta tsarin ubangida da yaro ne. Kamfanin Turawa ya ba babban ɗan kasuwa kuɗi, shi kuma ya rarraba wa yaransa su shiga ƙauyuka su auno. Yaro ba ya jiran albashin ƙarshen wata. Ubangida zai ci da shi, ya yi masa kayan sallah, ya aurar da shi, in an zauna lafiya ya sallame shi da jari. Yawancin alhazan da suka yi suna a garin ta wannan ƙofa suka shigo, kuma har yau ita ce babbar ƙofar samun sana'a.

Bayan samun 'yancin kai, Nijar ta yi dokarta a 1962, kusan a kan zubin ta Faransa, aka kafa CNSS a 1965, sannan a 1972 aka sa hannu kan yarjejeniyar bai ɗaya tsakanin masu ɗaukar aiki da ƙungiyoyin ƙwadago, wadda ta jera ma'aikata aji-aji da haƙƙin kowa.

Sauyi mai nauyi ya zo a shekarun 1990. Babbar ƙungiyar ƙwadago ta USTN, wadda ta tsaya tare da ɗalibai har aka kai ga taron ƙasa na 1991, ta tarar da baitulmali babu kuɗi, albashi yana makara wata da watanni, sannan aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994. A wannan yanayi, cikin tsare-tsaren Bankin Duniya da IMF, gwamnatin Bare Mainasara ta fito da sabuwar doka a Yunin 1996. Ta sassauta wa masu kamfani hanyar ɗauka da sallama, kuma a shekarar ne aka kafa hukumar samar da aiki ta ANPE. Daga wannan zamani aikin kwantiragi ya yi ta yaɗuwa, har malaman kwantiragi suka cika makarantun gwamnati. Ƙungiyar ƙwadago ma ta rarrabu, CNT da CDTN da wasu suka fito.

Dokar da ake aiki da ita yanzu ta 25 ga Satumban 2012 ce, zamanin Mahamadou Issoufou. Ta hana cin zarafin ma'aikaci ta hanyar neman lalata, ta hana nuna bambanci saboda cutar ƙanjamau ko sikila. Ta tsaya a kan awa 40, hutun kwana biyu da rabi a kowane watan aiki, mako 14 na hutun haihuwa, da shekara 14 a matsayin mafi ƙarancin shekarun ɗaukar yaro aiki. Sai dai ƙa'idojin aiwatar da ita ba su fito ba sai 2017, shekara biyar ana jira. Ƙarin da aka yi wa SMIG a 2012 kuwa sefa 1,700 ne kacal a kan 28,347 na baya, abin da a ganina ya fi kama da cika baki.

Akwai wani abu da masu shaguna da yawa ba su lura da shi ba. A idon doka, ma'aikaci shi ne duk wanda yake aiki ƙarƙashin umarnin wani don a biya shi. Ba sai da takarda ba. Ke nan mai gadin gida, yaron gidan burodi da mai zuba mai duk suna ciki, kuma za su iya kai ƙara ofishin sufeton ƙwadago, wanda zai fara da sulhu, in ya gagara a wuce kotu. Abin da ke hana su ba boyayye ba ne. Wanda ya kai ubangidansa gaban hukuma ya rufe wa kansa ƙofofi da yawa a garin da kowa ya san kowa, shi ya sa rigima takan ƙare a gaban shugaban 'yan kasuwa ko wani dattijo. Tsarin ubangida yana da alherinsa, ban musa ba, amma ranar da injin niƙa ya cinye hannun yaro, ko Alhaji ya rasu magada suka ce ba su san da wani alkawarin sallama ba, babu fansho, babu diyya, sai abin da tausayi ya bayar.

Tun bayan juyin mulkin Yulin 2023, hukumomi sun fi matsa wa kamfanonin ƙetare. A Maris ɗin 2025 an kori manyan jami'ai uku 'yan Sin na kamfanonin man fetur, kuma cikin dalilan da aka bayar har da tazarar albashi tsakanin baƙi da 'yan ƙasa. A shekarar kuma aka rushe wasu ƙungiyoyin ƙwadago, ciki har da SAMAN ta alƙalai. Ke nan adadin da ke kan takarda ya ƙaru a daidai lokacin da filin masu bin kadinsa ya ragu. A Maraɗi, jika 42 za ta fara isa ga wanda ke da lambar CNSS da takardar albashi. Mai makarantar kuɗin da ke biyan malami jika 25 a hannu kuwa, babu abin da zai sauya masa lissafi sai sufeto ya taka zuwa ofishinsa ya nemi rajistar ma'aikata.