Talabijin ɗin Maori: ga amsoshin, a daina maimaita mini tambaya

Tun da na yi magana a kan tashar Whakaata Māori ake ta jefo mini tambayoyi iri ɗaya. Ga amsoshin a wuri guda. Don Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Su wane ne Maori?

'Yan asalin ƙasar Niyu Zilan, wadda suke kira Aotearoa. Ba Ostareliya ba. A ƙidayar 2023 sun kai kusan kashi 18 cikin 100 na mutanen ƙasar.

Yaushe aka buɗe tashar?

Ranar 28 ga Maris 2004, a Auckland, da sunan Māori Television. A 2022 ta koma Whakaata Māori.

Ai gwamnati ta kyauta da ta ba su tasha, ko?

Wannan ce tambayar da ta fi ɓata mini rai. Haƙƙinsu ne, kuma da guminsu suka karɓo shi. A Yarjejeniyar Waitangi ta 1840, wadda sarakunansu suka ƙulla da masarautar Birtaniya, an yi musu alkawarin kare "taonga", wato duk abin da suke ɗauka mai daraja. Amma aka wayi gari ana dukan yara a makaranta don sun yi magana da harshen iyayensu. A 1972 aka kai wa majalisa takardar koke mai sa hannun mutum sama da 30,000. A 1986 kwamitin Waitangi, mai sauraron koke-koken Maori kan yarjejeniyar, ya ce harshen ma taonga ne, a 1987 ya zama harshen hukuma. Rigimar kadarorin rediyo da talabijin kuwa sai da ta kai kotun Privy Council a Landan, kotun ƙoli ta ƙasar a lokacin, a 1993. Maori ba su yi nasarar hana gwamnati miƙa kadarorin ga kamfanoninta na kasuwanci ba, amma kotun ta tabbatar cewa kare harshen nauyi ne a wuyanta. Duk da haka sai da aka ƙara shekara goma da ɗoriya kafin a buɗe tashar. To ina kyautar take?

Kafin 2004 babu komai ke nan?

Akwai, ɗan kaɗan. Labaran Te Karere sun kankama a tashar ƙasa a 1983 a hannun Derek Fox, minti huɗu kacal. Shirin Waka Huia ya zo a 1987 yana ɗaukar hira da dattawa. An gwada wata tasha, Aotearoa Television Network, a 1996, ta rushe a 1997.

Raye-rayen gargajiya kawai ake nunawa?

Haba! Akwai kapa haka, wato waƙa da rawar gargajiyarsu, amma akwai girki, farauta, wasanni, muhawarar siyasa da shirye-shiryen yara. Har katun ɗin yara na SpongeBob an juya shi zuwa Maori. Kuma tun 2006 tashar ke ware ranar Anzac, 25 ga Afrilu, don tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙi, abin da ya jawo mata Turawan ƙasar da yawa.

In ana son raya harshe, me ya sa ake sa Turanci a ciki? In mu za mu yi irinta, kashi nawa za mu ba harshen gida?

Nan kam sai an bi a hankali, domin babu amsa guda. Ƙidayar 2023 ta samu mutum dubu 213 da 'yan kai da ke iya hira da harshen, wato yawancin Maori kansu ba sa iyawa. In ka ce ba Turanci ko kalma ɗaya, ka kori jikan da ya fi kowa buƙatar tashar, wanda kakarsa ta ƙi koya wa 'ya'yanta don kada a dake su. In kuma ka cika Turanci, dattijuwar da ta jira shekaru ta ji harshenta za ta ce an ci amanarta, kuma da gaskiyarta. Dokar 2003 da ta kafa tashar ta bi tsakiya: lokacin da aka fi kallo da dare, yawancin shiri ya zama da Maori. Sannan a 2008 aka buɗe tasha ta biyu, Te Reo, da harshen zalla.

Rubutun fassara a ƙasan allo ma haka yake. Yana riƙe mai koyo kada ya canza tasha, amma ido kan saba da karatu har kunne ya yi lalaci. A ganina, shirin ƙananan yara a bar shi da harshen zalla, tunda ba su iya karatu ba kuma kunnensu a buɗe yake. Na manya a sa fassara. Ko wannan ɗin ya danganta da yawan masu jin harshen a wurinku. Sai kuma batun karin magana, wanda suke kira "mita". 'Yan ƙabilar Ngāi Tahu na kudu kan sa "k" inda wasu ke cewa "ng", mutanen yankin Taranaki kan haɗiye "h". In mai gabatarwa kullum daga yanki ɗaya yake, sauran za su ji an mai da su 'yan bora, kamar yadda Basakkwace zai ji in kullum Kananci ne a akwati. Saboda haka kada wani ya zo ya ce na ba shi kaso. Ku fara ƙirga masu jin harshen tukuna.

Mu ma Hausa tana buƙatar irin wannan?

Ku kwantar da hankalinku, Hausa ba ta cikin wannan hali. Miliyoyi ke magana da ita, ga Arewa24 tun 2014. Waɗanda ya kamata su yi nazarin Maori su ne masu ƙananan harsuna a Bauchi, Filato da kudancin Kaduna, da 'ya'yansu ke komawa Hausa. A wannan labarin mu ne babban harshen, kuma ya kamata mu yarda da haka.

In na zaunar da yaro gaban tashar zai iya harshen?

A'a. Zai tsinci kalmomi da waƙoƙi. Akwati ba ya amsa wa yaro in ya yi magana. Shi ya sa Maori suka fara da kōhanga reo a 1982, gidajen reno inda kakanni ke yi wa jikoki magana da harshen wuni guda.

An ce an rufe Te Reo?

An sauke ta daga akwatin talabijin a Maris 2025 saboda raguwar kuɗi, ta koma intanet. Babbar tashar tana nan.