Canza girman hoto ana tsaka da wasa: ga amsoshin nan, a riƙa karantawa kafin a zo

Kusan kullum sai wani yaro ya shigo shagona nan Sabon Gari da kwamfuta a hammata wai hoton wasa ya lalace, kuma in ka bi diddigi abu ɗaya ne suka taɓa. To ga tambayoyin da suke yi da amsoshinsu nan na tara.

Ana iya canza girman hoto wasa na tafiya?

Ana iya, in daga cikin menu na wasan ne. Amma ka yi sab tukuna, wato ka adana inda ka kai a wasan.

Na canza ekran ya yi baƙi, ya ƙone ne?

Bai ƙone ba ƙanena, kwantar da hankalinka. Ɗauke hannunka ka jira, Windows na ba da daƙiƙa 15, in ba ka amince ba sai ya koma yadda yake, wasanni da yawa ma haka suke yi. Ku daina danne maɓallin kashewa don Allah, nan ne sab ke lalacewa.

Wasan ƙwallo na PES fa, ban ga wurin a menu ba?

Ba ya nan. Rufe wasan, buɗe settings.exe da ke cikin folda ɗinsa, can ake saita shi.

Na fita da Alt+Tab na mayar da sikelin Windows daga 150% zuwa 100%, da na dawo sai linzami na danna wani wuri daban, me zan yi?

Wannan kam sai an zauna, don ya danganta da wasan. Abu uku mutane ke haɗawa wuri guda: akwai girman da wasan ke zana hotonsa, akwai sikelin Windows mai ƙara girman rubutu da gumaka (ƙananan alamomin da ake dannawa), akwai kuma na katin hoto, Intel ko NVIDIA ko AMD, mai miƙe hoto ya cika ekran. Yawancin wasanni, musamman tsofaffi, sau ɗaya suke duba sikelin Windows lokacin da suka tashi, daga nan ba su sake tambaya, to kai ka canza masa ƙasa yana tsaye, hoto na nan, lissafin linzami na can. Jiya ma na ga haka, yaro na danna "ci gaba" wasan na fita, gumi duk ya jiƙa masa riga. Wani lokaci Alt+Enter sau biyu na gyara shi, ya koma taga ya dawo cikakken ekran, amma ba kowane wasa ke jin wannan ba. In bai yi ba, rufe shi ka sake buɗewa, galibi shi ke nan. In kuma abin na dawowa kullum, danna dama a kan gunkin wasan, Propriétés, Compatibilité tunda na'urorinmu da Faransanci suke, ka shiga saitin PPP, wato na sikelin ekran, ka bar wa wasan ya riƙe sikelinsa da kansa. Sau da yawa yana magani, sai dai a wasu rubutun menu kan ƙanƙance har ya yi wuyar karantawa, sai ka gwada ka gani.

In na rage girman, wasan zai ƙara gudu?

Galibi haka ne. 1920x1080 ɗigo 2,073,600 ne, 1280x720 kuwa 921,600, bai kai rabi ba. Da zafin Afrilun Damagaram ka tausaya wa na'urarka ka sauke, fanka ma ta huta.

Ƙwallo ta zama kamar ƙwai, me ya faru?

Hoton 4:3 ka miƙe a kan ekran 16:9. Shiga saitin katin hoto ka zaɓi ya riƙe siffarsa, baƙin layi biyu da za ka gani a gefe ba lalacewa ba ne.

GTA San Andreas ya ƙi tashi tun da na canza?

Shiga Documents, folda ɗin wasan, goge gta_sa.set kaɗai, zai ƙirƙiri sabo da kansa. Sauran fayilolin kada ka taɓa su, sab ɗinka ne a ciki.