Hasken rana ne ke ba da wutar sola, ba zafinta ba

Duk sanda hukumar birni ta kafa fitilun sola a kan tituna, sai ka ji ana cewa da zarar hadari ya haɗo za su mutu, wai zafin rana ne ke kunna su. Maganar ta daɗe tana yawo, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda a ido zafi da haske tare suke zuwa.

Farantin sola haske yake sha. Idan hasken ya sauka a kan sinadarin silikon da ke cikinsa, sai lantarki ya fara gudana. Zafi ma rage masa ƙarfi yake yi. Ana auna ƙarfin faranti ne a zafin digiri 25 na ma'aunin Celsius, kuma duk digiri ɗaya da ya ƙaru yana cin kusan kashi 0.3 zuwa 0.5 cikin 100. Ranar da gari ya lumshe wutar tana raguwa sosai, amma ba ta yankewa. Jamus, da yawan gajimarenta, tana cikin manyan masu amfani da sola a duniya.

Da dare kuwa batir ne ke riƙe fitilar. Idan ta mutu, galibi batirin ne ya gaji, ko ƙura ta lulluɓe farantin ba a goge ba. A ganina nan ya kamata a riƙa tuntuɓar hukuma.

Mai son tabbatarwa ya karanta takardar da ke manne a bayan faranti. A taimaka a tura wa 'yan'uwa wannan bayani.