Adabin Ban Tsoro na Zamani da Masu Karatunsa a Maraɗi

Adabin ban tsoro reshe ne na ƙagaggun labarai wanda ake tsara shi domin ya jefa fargaba ko ƙyama ko rashin natsuwa a zuciyar mai karatu, wani lokaci ta hanyar fatalwa da aljanu da mayu, wani lokaci kuma ta hanyar muguntar ɗan Adam tsagwaronta ba tare da wani abin gaibu ba. An daɗe ana yi masa kallon karatun kashe lokaci, amma a shekarun baya-bayan nan marubuta masu manyan lambobin yabo sun ari kayan aikinsa domin su yi magana a kan bauta da yaƙi da mulkin kama-karya.

Asalinsa a rubuce

Masu tarihin adabin Turai sukan fara lissafi daga 1764, shekarar da Horace Walpole ya fitar da The Castle of Otranto a Ingila. Mary Shelley ta biyo baya da Frankenstein a 1818, sannan Bram Stoker da Dracula a 1897. Ba'amurke Edgar Allan Poe (1809–1849) shi ne ya yi fice wajen ɗauke tsoro daga kufai da maƙabarta ya kai shi cikin kan mai ba da labarin, ta yadda mai karatu zai rasa tabbacin ko mutumin da ke yi masa magana yana cikin hayyacinsa. Charles Baudelaire ya fassara gajerun labaransa zuwa Faransanci, kundin farko ya fito a 1856, kuma ta wannan harshe ne ɗan bokon Nijar ya fi samun damar karanta shi. Daga 1974 Stephen King ya mayar da fannin babbar kasuwa.

Abin da marubutan zamani suke yi da shi

A cikin Beloved, wanda Ba'amurkiya Toni Morrison ta buga a 1987, fatalwar wata yarinya ce take dawowa gidan uwar da ta kashe ta don kada a mayar da ita bauta. Morrison ta ɗora labarin a kan abin da ya faru da wata baiwa mai suna Margaret Garner a 1856, kuma duk wanda ya karanta ya san cewa bautar ta fi fatalwar ban tsoro. Ahmed Saadawi na Iraƙi, a littafinsa na 2013 wanda ya ci babbar lambar ƙagaggun labaran Larabci a 2014, ya kawo wani mai tara tarkace a Bagadaza yana tsintar gaɓoɓin waɗanda bama-bamai suka tarwatsa, yana ɗinke su wuri guda domin su samu jana'iza, har gawar ta tashi tana neman fansa. Mariana Enríquez ta Ajantina ma takan koma ga mutanen da gwamnatin soja ta ɓatar tsakanin 1976 da 1983. A wajen dukansu, abin tsoron shi ne laifin da jama'a ta binne ta ƙi ambatonsa.

Daɗin irin wannan karatu yana cikin jinkiri. Gwanin marubuci yakan ɓoye fiye da abin da yake nunawa, ya bar mai karatu ya cike giɓin da nasa tsoron, alhali kuwa yana zaune lafiya, yana iya rufe littafin duk sa'ar da ya ga dama. Masanin adabi Tzvetan Todorov ya bayyana a 1970 cewa ƙarfin irin waɗannan labarai yana cikin shakkar da ke riƙe mai karatu tsakanin bayanin hankali da bayanin gaibu.

Mai karatu a Maraɗi

A nan ne bayanin Todorov yake buƙatar gyara, domin ya gina shi a kan mai karatun da bai yarda da gaibu ba tun asali. Bamaraɗe ba haka yake zuwa ga littafi ba. Samuwar aljanu a wurinsa magana ce ta imani, tunda sura ta 72 ta Alƙur'ani da sunansu take. Ya kuma tashi a ƙasar da bori ya yi ƙarfi ƙwarai, inda sarautar Iya a fadar Maraɗi da ta Inna a Tsibirin Gobir suke da tsohuwar alaƙa da shugabancin masu bori, kuma sunan Doguwa ba baƙo ba ne a kunnensa ko da ya ƙyamaci al'adar. Tun yana yaro ya san bambancin iri biyu na labari. Tatsuniyar Dodo ana buɗe ta da “ga ta nan, ga ta nanku”, a rufe ta da “ƙurunƙus”, kowa ya san wasa ne. Labarin maye da ya kama kurwar wance kuwa a matsayin gaskiya ake ba da shi, ana sassauta murya.

Saboda haka shakkarsa ta koma wani wuri. Abin da yake tambaya shi ne ko wannan mace da ta faɗi tana sambatu aljani ne ya shige ta ko ciwon ƙwaƙwalwa ne, ko kuma baƙin cikin auren dole ne ya rasa wata mafita. Ko tsohuwar da unguwa ke gudu mayya ce ko ƙazafi aka yi mata. Wannan fili ne mai albarka ga marubucin Hausa, kuma mai haɗari, domin zargin maita yakan faɗa kan tsofaffi da marasa galihu, labarin da ya gaskata shi ba tare da tunani ba kuwa yana ƙara wa wutar itace.

Rubutaccen adabin Hausa ya daɗe da aljanu. Ruwan Bagaja da Ganɗoki, waɗanda suka fito daga gasar da aka shirya a Zariya a 1933, duk suna ɗauke da su, sai dai don al'ajabi da nuna jarumtaka aka kawo su. Tarihin yankin kansa yana da duhun da ya isa. Rundunar hafsoshin Faransa biyu, Voulet da Chanoine, ta ƙone garuruwa ta yi kisan gilla a Birnin Ƙonni a 1899, kafin sojojinsu su harbe su a wajejen Maijirgi ta ƙasar Tasawa, cikin jihar Maraɗi ta yau. Abdoulaye Mamani ya taɓo wannan yaƙi a littafinsa Sarraounia na 1980.

Hanyoyin karatu a yau

Tun tsakiyar shekarun 1980 littattafan kasuwar Kano suke shigowa Maraɗi ta hanyar Katsina da Jibiya da Ɗan Isa, galibinsu na soyayya, tare da na yaƙi da na matsafa da aljanu. Yanzu wayar hannu ta karɓe yawancin aikin: ana sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Facebook, wasu kuma suna karanta shi da murya su ɗora a YouTube, abin da ya buɗe ƙofa ga wanda bai iya karatun boko ba. Wannan tsari yana da illarsa, domin marubucin da dole ya tsinka zuciyar mai karatu a ƙarshen kowane shafi yakan garzaya ga jini da kururuwa, ya rasa jinkirin da ke sa tsoro ya zauna.

Akwai kuma malamai da iyaye da ke tsoron kada irin waɗannan labarai su kambama boka su raunana tauhidi. Marubuta da yawa sukan amsa da cewa a ƙarshen labaransu addu'a da ruƙiyya da Ayatul Kursiyyu ne suke rinjayar tsafi. Tunda mai karatu ya san wannan ƙarshe tun daga shafin farko, nauyin ban tsoron yakan koma kan abin da iyalin da ke cikin labarin suka yi asara kafin sauƙi ya zo, da kuma wanda a cikinsu ya fara kai sunan ɗan'uwansa wurin boka.